KANSILA NAWA, ALBASHI NAWA?

Jama'a, ga babban zaɓe ya ƙarato, kuma kowace jam'iyya ta fito da ganga da lasifika tana ta zuba alkawari. Wani ya ce zai kawo jirgin ƙasa, wani ya ce gadar sama zai gina, wani kuwa ya rantse daga ranar da ya hau mulki wuta ba za ta ƙara ɗaukewa ba. Duk mun ji. Amma akwai wata magana da ba kasafai ake hawa dandamali a yi ta ba, alhali kuwa ta fi gadar sama kusa da tukunyar talaka. Maganar ita ce ta majalisar ƙaramar hukuma, watau mutum nawa ya kamata su zauna a cikinta, kuma nawa ya kamata a riƙa biyan kowannensu.

Wani zai ce ai wannan ƙaramar magana ce. To, bari mu gani. A ƙasar nan akwai ƙananan hukumomi 774, da mazaɓu 8,809 bisa lissafin hukumar zaɓe ta ƙasa, kuma kowace mazaɓa kujerar kansila ce. A cikin kowace Naira 100 da ake rabawa daga asusun tarayya, Naira 20 da kwabo 60 rabon ƙananan hukumomi ne. Da wannan kuɗi ake son a gyara rumfunan kasuwa da tashar mota da kwata, a kwashe shara, a kula da maƙabarta, a yi rajistar haihuwa da mutuwa da aure, a kuma sa hannu cikin sha'anin makarantar firamare da asibitin shan magani da aikin gona. Haka jadawali na 4 na tsarin mulkin 1999 ya zayyana. Duk Nairar da ta tafi wajen biyan wani mai muƙami, daga bakin waɗannan ayyuka aka ɗebo ta. Saboda haka maganar yawan kujeru da yawan albashi maganar burtsatsen unguwarku ce, da rufin ajin da ɗanka ke zaune a ciki.

ME YA HAƊA WANNAN DA BABBAN ZAƁE?

Mun san akwai masu cewa ai ba a zaɓen kansila a babban zaɓe, hukumar zaɓe ta jiha ce ke shirya nasu daban. Gaskiya ne. Amma a duba sashe na 7 na tsarin mulki. Bayan ya tabbatar da cewa lalle ƙananan hukumomi su kasance a hannun zaɓaɓɓun majalisu, sai ya ɗora wa gwamnatin kowace jiha nauyin yin dokar da za ta fayyace yadda za a kafa su, da tsarinsu, da waɗanda za su zauna a cikinsu, da kuɗinsu, da ayyukansu. Wa ke yin wannan doka? Majalisar dokoki ta jiha. Wa ke sa mata hannu? Gwamna. Su kuwa waɗannan biyun a babban zaɓe kuke zaɓensu.

Ke nan ranar da ka dangwala wa ɗan majalisar jiha ƙuri'a, ka riga ka yanke shawarar mutum nawa za su riƙa cin albashi a sakatariyar ƙaramar hukumarku, ko ka sani ko ba ka sani ba. Mu so muke ka sani.

DAGA EN'E ZUWA YAU

Dattawan cikinmu ba su manta da zamanin En'e ba, lokacin da majalisa ta sarki ce, shi ke naɗa wanda ya ga dama, talaka kuwa nasa biyan haraji da jangali da aikin tilas. A watan Agusta na 1950 Malam Abubakar Tafawa Balewa ya miƙe a majalisar Arewa ya nemi a yi wa mulkin En'e gyara, a ba talaka baki a cikin sha'anin garinsa. A cikin wannan watan ne kuma aka kafa jam'iyyar NEPU a Kano, wadda 'ya'yanta suka sha ɗauri da bulala a kan wannan batu. Kujerar kansila da wasu ke rainawa yau, da wahalar mutane aka samo ta.

Babban gyara ya zo a 1976, zamanin mulkin Janar Obasanjo, lokacin da aka yi wa ƙananan hukumomin ƙasar nan tsari iri ɗaya daga Sakkwato har Kalaba. Waɗanda suka tsara gyaran sun yi tunanin girma tun daga farko. Sun ce ƙaramar hukuma ta ƙunshi mutane tsakanin 150,000 da 800,000, domin kada ta yi ƙanƙantar da ba za ta iya ɗaukar nauyin kanta ba, kada kuma ta yi girman da za ta yi wa talaka nisa. Sun ce aƙalla kashi uku cikin huɗu na 'yan majalisa su zama zaɓaɓɓu. A kan wannan ma'auni aka sami ƙananan hukumomi 301.

Da farar hula suka karɓi mulki a 1979 sai aka watsar da ma'aunin. Har aka kifar da Jamhuriya ta Biyu a ƙarshen 1983 gwamnoni da kwamitocin riƙo suka yi ta tafiyar da ƙananan hukumomi, suna kuma yanka sababbi kamar ana rabon naman watanda, har adadinsu ya ninka ya wuce. A 1984 gwamnatin Janar Buhari ta soke ƙarin ta mayar da su 301. Janar Babangida ya sake ƙarawa har suka kai 589 a 1991, kuma a zamaninsa ne aka raba majalisar gida biyu irin na tsarin shugaban ƙasa: ciyaman da mutanensa a ɓangaren zartarwa, kansiloli a ɓangaren doka. A 1996 Janar Abacha ya cike su 774, inda suke har yau.

Abin lura a wannan tarihi shi ne, duk sa'ad da aka tsaga ƙaramar hukuma ɗaya ta zama biyu, gonakin ba su ƙaru ba, kasuwannin ba su ƙaru ba, amma ciyaman ya zama biyu, mataimaki biyu, sakatare biyu, ma'aji biyu, motocin ofis biyu, majalisa biyu. Da yawa daga cikin ƙananan hukumomin da aka yanka ba su kai mutum 150,000 ɗin da aka gindaya a 1976 ba. Su ne ƙananan da muke magana a kansu, kuma su ne nauyin muƙamai ya fi dannewa, domin kayan da raƙumi zai ɗauka ya tafi abinsa, in aka ɗora wa jaki sai ya durƙushe.

TOFA DA NASSARAWA

Bari mu ɗauki misali daga jihar Kano, mai ƙananan hukumomi 44 da mazaɓu 484. A ƙidayar 2006 mutanen ƙaramar hukumar Tofa ba su cika 100,000 ba, amma tana da mazaɓu 15, daga Doka da Lambu da Janguza har Yanoko da Wangara. A wannan ƙidayar mutanen ƙaramar hukumar Nassarawa da ke cikin birni sun kusa 600,000, amma mazaɓunta 11 ne, irin su Gama da Dakata da Gwagwarwa da Kawaji. In ka raba, kansila ɗaya a Tofa yana wakiltar mutum wajen 6,500, takwaransa na Nassarawa kuwa yana ɗauke da fiye da 50,000. Wannan fa lissafin 2006 ne. Tun daga lokacin an haifi yara sun girma har sun isa jefa ƙuri'a, unguwanni sun tsiro inda da gonaki ne, amma iyakokin mazaɓun na 1996 ne.

Ba laifin mutanen Tofa ba ne, ba kuma laifin na Nassarawa ba. Mun kawo su ne don a ga cewa yawan kujerun majalisa a yau ba a kan wani ma'auni sananne yake ba. Kuma kada a yi saurin cewa a rage na Tofa kawai. Kansilan karkara ƙauyuka yake bi, wasu da damina sai an tuɓe takalmi kafin a isa, kuma mutanen rugage da ƙananan unguwanni in aka haɗe su da babban gari muryarsu ta ɓace ke nan. Na birni kuwa mutanensa a cunkushe suke, yana iya zaga mazaɓarsa a kan babur kafin azahar, sai dai ba zai taɓa sanin ko ɗaya cikin goma na masu gidajen ba. Saboda haka ma'aunin gaskiya sai ya haɗa abu biyu, yawan jama'a da faɗin ƙasa.

Ra'ayinmu shi ne, ƙaramar hukuma ƙarama ba ta bukatar majalisa mai kama da taron suna. Mutum 10 zuwa 12 da jama'a suka zaɓa, kowa ya san gidansu, sun isa su zauna su karanta kasafin kuɗi layi-layi, su kasu kwamiti uku ko huɗu, su tambayi ciyaman ina aka kwana. In suka yi ƙasa da haka sai majalisa ta zama ta aljihu, mutum ɗaya ya saye su da buhun shinkafa da kujerar Makka. In kuma suka yi yawa ainun sai a koma taron tsintsiya ba shara, kowa yana jiran wani ya yi magana. Inda aka riga aka zarce haka, a bari sai an yi sabuwar ƙidaya a sake duba iyakoki a bainar jama'a, bisa hanyar da doka ta shimfiɗa. Abin da ba za mu yarda da shi ba shi ne a ƙirƙiro sabuwar mazaɓa don kawai a samo wa wani yaron gida kujera.

INDA ƊAKIN KE YOYO

To, amma mai ɗaki shi ya san inda yake yoyo. Duk wanda ya taɓa leƙa sakatariyar ƙaramar hukuma ranar biyan albashi ya san zaɓaɓɓun kansiloli su ne 'yan kaɗan a cikin layin. Bayan ciyaman da mataimakinsa akwai sakatare, shi ma naɗa shi ake yi. Akwai kansilolin gafaka, watau waɗanda ba wanda ya zaɓe su, aka naɗa su aka ce wannan na ilimi ne, wannan na lafiya, wannan na ayyuka, wannan na gona. Sa'an nan ga masu ba da shawara na musamman, ga manyan mataimaka na musamman, ga mataimaka na musamman waɗanda ba manya ba, ga mai taimaka wa a kan yaɗa labarai, ga na harkar matasa, ga na harkar mata, kai har akwai wanda in ka tambaye shi sunan muƙaminsa sai ya ciro takarda daga aljihu ya duba. Galibinsu ba su da tebur, ba su da fayil, ba a san su da wani aiki ba sai rakiyar biki da jana'iza.

Mu yi ɗan lissafi na misali. A ce ƙaramar hukuma ta naɗa irin waɗannan mutane 50, kuma a ce kowanne mafi ƙarancin albashi kawai ake ba shi, watau Naira 70,000 da dokar 2024 ta yanka. Mutum ɗaya ya ci Naira 840,000 a shekara. Su 50 sun ci Naira miliyan 42. Cikin shekara 3 kuɗin ya kai Naira miliyan 126, kuma ba mu sa kuɗin mai da na tafiye-tafiye da goron salla ba. Ka tambayi kowane magini a garinku aji nawa wannan kuɗi zai rufe, ka tambayi mai kula da asibitin shan magani wata nawa zai yi bai ce wa mai naƙuda ta je kemis ta sayo safar hannu ba.

Ɓarnar kuma ba ta tsaya ga kuɗi ba. Zaɓaɓɓen kansila, komai lalacewarsa, ya san akwai ranar da zai dawo ƙofar gidanka neman ƙuri'a. Naɗaɗɗe kuwa mutum ɗaya yake kallo, wanda ya naɗa shi. Kowa ya ci ladan kuturu dole ya yi masa aski. Idan naɗaɗɗu suka ninka zaɓaɓɓu sau uku ko sau huɗu a sakatariya, to an komar da mu zamanin En'e ta ƙofar baya, sai dai an canza rawani da hula.

A ranar 11 ga Yuli, 2024, Kotun Ƙoli ta yanke hukunci cewa a riƙa biyan ƙananan hukumomi rabonsu kai tsaye daga asusun tarayya, ta kuma ce haramun ne gwamna ya rushe zaɓaɓɓiyar majalisa ya kafa kwamitin riƙo. Mun yi maraba da wannan hukunci, ko da yake an shafe fiye da shekara bayansa ana jan ƙafa wajen aiwatarwa. Amma jama'a ku lura. Ko da an sakar wa ƙaramar hukuma kuɗinta duka, kwabo bai yi ciwon kai ba, in ba a toshe wannan kafa ta naɗe-naɗe ba, to an ɗebo ruwa ne daga rijiya an zuba a rariya. Yawan kuɗin ma sai ya ƙara yawan masu layi.

TO, NAWA ZA A BIYA?

A nan akwai ɓata iri biyu, kuma duk mun ƙi su.

Na farko, masu cewa kansila ya yi aiki kyauta, wai ai hidimar jama'a ce. Maganar da daɗin ji, amma wa zai iya? Manomin da in bai je gona ba iyalinsa ba su ci ba, da tela, da malamin makaranta, da matar da ke sana'ar ƙuli-ƙuli, ba mai iya barin abincinsa ya je ya wuni a zauren majalisa ba ko sisi. Aikin kyauta mai kuɗi kaɗai ke iya shi, shi ma ɗin sau da yawa ya san ta inda zai fanshe. Talakawan Ingila sun gane haka tuntuni. Cikin bukatu shida da ma'aikatansu suka rubuta a 1838 har da cewa a riƙa biyan 'yan majalisa albashi domin talaka ma ya iya tsayawa, kuma sai a 1911 aka fara biyansu fam 400 a shekara. Hana kansila albashi korar talaka ne daga majalisa cikin ladabi.

Na biyu, masu mayar da kujerar kansila hanyar arziki. Idan mutum ya shiga majalisa da keke ya fito da mota da gida mai bene cikin shekara 3, to kowane zauna-gari-banza zai nemi kujerar, kuma zai neme ta da gora da wuƙa. Daga nan ake samun 'yan daba a rumfar zaɓe. Daga nan ne kuma kujera ke zama haja. A 2024 hukumar zaɓe ta jihar Kano ta sanar da Naira miliyan 10 a matsayin kuɗin takardar tsayawa takarar ciyaman, da Naira miliyan 5 na kansila, har sai da magana ta kai gaban kotu, kuma wasu jihohin ma miliyoyi suka yanka. Ku auna. Mai ɗaukar Naira 70,000 a wata sai ya tara albashinsa na wata 71, kusan shekara 6, bai ci ba bai sha ba, kafin ya haɗa miliyan 5. Wanda ya biya wannan kuɗi, ko ubangida ne ya biya masa, ko rance ya ci, ko gona ya sayar. Ko wanne ne, ranar da aka rantsar da shi da bashi ya shiga, kuma ba daga aljihunsa zai biya ba.

Hukumar rabon arzikin ƙasa ce ke tsara ma'aunin albashin masu muƙaman siyasa, kuma ma'aunin da ta fitar a 2008 an shafe fiye da shekara 15 ana aiki da shi. Amma kowa ya san albashin da ke rubuce shi ne ƙaramin abu. Gundarin yana cikin alawus: na zama, na gida, na mota, na kayan ɗaki, na tufafi, na tafiya taron ƙara wa juna sani a wani otal, da kuɗin sallama in wa'adi ya ƙare. A wani wuri kansila yana ninƙaya cikin waɗannan, a wani wurin kuma sai a yi wata da watanni ba a ba shi komai ba don a koya masa hankali, sai ya sa hannu a kan abin da ake so. Duka biyun hanya ɗaya suke kaiwa, watau kansilan da ba ya iya buɗe baki. Na farko bakinsa cike yake, na biyu cikinsa ne ba komai.

Abin da muke gani daidai shi ne a ɗaure albashin kansila da na ma'aikacin da yake wakilta. A ba shi abin da hedimastan makarantar firamare ta mazaɓarsa ke ɗauka, dunƙule ɗaya, da ɗan kuɗin mota na ranar da ya halarci zama. Wannan ya isa mutumin kirki ya riƙe gidansa da mutunci, bai kuwa kai abin da za a fasa kan wani saboda shi ba. Kuma in aka ɗaure su tare, ranar da kansila ke son ƙari sai ya fara nemar wa malami. Ranar da aka hana malami albashi shi ma ya kwana da yunwa. Za ku ga yadda majalisa za ta farka.

ALKAWARINMU

Saboda haka duk ɗan takararmu na majalisar dokoki ta jiha, da na gwamna, ya ɗauki alkawarin tsayawa a kan gyaran dokar ƙananan hukumomi bisa waɗannan sharuɗɗa:

1. A rubuta cikin doka ma'aunin yawan kujerun majalisa, bisa yawan jama'a da faɗin ƙasa, kuma ba za a ƙara mazaɓa ko a rage ba sai bayan ƙidaya da sauraron ra'ayin mutanen wurin.

2. Naɗaɗɗun siyasa a kowace ƙaramar hukuma, in an haɗa su duka har da sakatare, kada su wuce rabin yawan zaɓaɓɓun kansiloli. Majalisa mai kansila 10, naɗaɗɗu 5 ke nan, ba ƙari. Aikin ilimi da lafiya da gona akwai shugabannin sassa da suka karanci abin, a bar su su yi.

3. Albashin kansila ya zama daidai da na hedimastan firamare, na ciyaman kuwa kada ya wuce na babban ma'aikacin ƙaramar hukumar. A soke alawus na kayan ɗaki da na tufafi.

4. Ba za a biya ciyaman ko kansila ko wani naɗaɗɗe albashin wata ba sai an gama biyan malamai da ma'aikatan lafiya da leburori da 'yan fansho na wannan watan. In kuma an biya su, ba mai ikon riƙe albashin kansila don ya yi magana.

5. Kuɗin zama na wanda ya zauna ne. Kansilan da ya yi fashin zama uku a jere ba tare da uzuri ba, a karanta sunansa a majalisa a kuma sanar da mazaɓarsa.

6. Kowane wata a manna takarda a allon sakatariya da bakin babbar kasuwa, da Hausa, boko da ajami, mai nuna nawa ya shigo daga asusun tarayya, nawa aka tara a gida, sunan kowane mai muƙamin siyasa da abin da aka biya shi. A kuma karanta ta a rediyo.

7. Kuɗin takardar tsayawa takarar kansila kada ya wuce mafi ƙarancin albashi na wata ɗaya.

MASU CEWA BA ZA TA YIWU BA

Za su ce muku waɗannan naɗaɗɗun ai 'ya'yan talakawa ne, da wannan ɗan abin suke ci da iyalinsu, in an sallame su ina za su? Tambaya ce mai kyau, kuma ba mu ɗauke ta da wasa ba. Amma ku dubi ƙaramar hukuma mai mutum 100,000. Hamsin sun samu, saura 99,950 fa? Kuɗin da ake ba mutum ya zauna gindin bishiya a sakatariya, in aka ɗauki malami ko ungozoma ko mai gyaran burtsatse da shi, ɗan talaka ne dai zai ci albashin, sa'an nan ga aiki ya fito. Matashin da ya yi wa jam'iyya wahala ya cancanci sana'ar da za ta riƙe shi har tsufa. Muƙamin da zai mutu ranar da ubangidansa ya sauka yaudara ce.

Za su kuma ce in albashi bai yi tsoka ba mutanen kirki ba za su fito ba. To, su waye ke riƙe da kwamitin masallaci da na makarantar Islamiyya da ƙungiyar iyaye da malamai da 'yan sintiri a unguwanninku? Nawa ake biyansu? Mutanen kirki suna nan jingim a kowace mazaɓa. Abin da ya kore su daga siyasa shi ne tsadar takarda da tsoron 'yan daba, kuma duka biyun romon kujera ne ya haife su. A rage romon ku ga waɗanda za su fito.

Wasu kuma za su ce ai kowace jam'iyya haka take faɗa kafin zaɓe. Wannan gaskiya ce mai ɗaci, kuma shi ya sa muka rubuta namu da lamba, ɗaya zuwa bakwai, muka buga muka raba. Maganar baka iska ke ɗauke ta, amma takarda tana nan. Ku adana wannan ɗan littafi. Wanda ya iya karatu ya karanta wa wanda bai iya ba, a majalisar dare, a wurin mai shayi, a gidan biki, a tsakar gida wajen iyayenmu mata. In ɗan takararmu ya ci ya saɓa, ku tare shi da ita a ƙofar gidansa ku nuna masa lambar da ya karya.

Sauran 'yan takara ma, ko na wace jam'iyya ne, in sun zo da atamfa da sabulu da taliya, ku yi musu tambaya uku kafin su tafi. Mutum nawa ke cin albashin siyasa a ƙaramar hukumarmu? Nawa ake biyan kowanne? In ka je majalisa za ka sa hannu a rage? Wanda ya amsa dalla-dalla ku riƙe amsarsa. Wanda ya hau kame-kame kun san inda ya dosa.

'Yan'uwa manoma, 'yan kasuwa, ma'aikata, malamai, mata da matasa, ƙaramar hukuma taku ce, kuɗinta naku ne, kuma iyayenku sun sha wuya kafin a ba ku ikon zaɓen wanda zai zauna a majalisarta. Ku nemo katin zaɓenku tun yau ku ajiye inda ba zai ɓata ba. Ranar zaɓe ku fito da sassafe, ku jefa ƙuri'a cikin lumana, ku tsaya a ƙirga a gabanku.

Allah ya ba mu shugabanni masu tsoronsa, ya zaunar da ƙasarmu lafiya. Amin.